Ta ina matashin Bahaushe zai shiga harkar al'umma a Legas, kuma yaya ake hawa?

Ƙanena, tambayarka ta iso gare ni. Ka ce a Agege aka haife ka, shekarunka 24, kana da ɗan shagon gyaran waya, kuma kana son shiga harkar jama'a har wata rana a riƙa damawa da kai. Sai dai duk ƙofar da ka leƙa, ko ka tarar dattawanmu sun cika wurin, ko a nuna maka da ido cewa nan ba garinku ba ne. Kana neman sanin ta inda ake farawa, da yadda matashi ke tashi daga ɗan kallo ya zama wanda ake jiran isowarsa kafin a buɗe taro.

Na daɗe cikin ƙungiyoyin unguwa da na kasuwa a garin nan, na riƙe musu alƙalami, na kuma yi aikin sa ido a zaɓuka. Samarin da suka taso a gabana kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka fara da hula mai hoton ɗan takara da hawa motar kamfe, kuma yawancinsu ana rantsar da gwamnati aka daina jin ɗuriyarsu. Akwai kuma waɗanda suka kama wani ƙaramin aiki a layin da suke kwana, aikin da ba mai rububinsa, suka riƙe shi shekara da shekaru har aka san su da shi. Daga cikin waɗannan na biyun na ga an sami mai ba ciyaman shawara, da shugaban sashe a kasuwa, da wanda jam'iyya ba ta iya zama a gunduma ba tare da shi ba. Hanyarsu nake son ka bi.

Fara da katin zaɓenka: a ina yake? Duk mazaunin Legas ya san abin da ke faruwa mako guda kafin babban zaɓe. Tashoshin mota a Agege, Ijora da Alaba Rago sukan cika maƙil, har da tirela ake hawa zuwa Kano, Katsina, Sakkwato, Jigawa da Zamfara. Mutum ya shekara goma sha biyar a Idi-Araba, nan 'ya'yansa ke makaranta, nan ake yankar masa tikiti, nan ruwa ke shiga ɗakinsa duk damina, amma ƙuri'arsa tana ƙauyen da ba ya zuwa sai da sallah. Ban ga laifin ɗan ci-rani ba, wanda ya zo bayan girbi zai koma kafin shuka. Gonarsa da iyalinsa suna can, can ɗin ya dace ya yi zaɓe. Amma kai da aka yanke wa cibiya a Agege, idan katinka yana garin kakanka, ka cire kanka da kanka daga lissafi.

Ɗan siyasar Legas ba ya auna mu da yawan da muke yi a filin Idi. Sakamakon rumfunan zaɓe yake buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ya ga akwatin da ke bakin masallacin Zango ƙuri'a nawa ya kawo. Duba alƙaluman 2023: Legas ce ta fi kowace jiha masu rajista, mutum 7,060,195, har ta ɗara Kano, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Peter Obi ya sami ƙuri'a 582,454, Bola Tinubu ya sami 572,606, ratar da ke tsakaninsu 9,848 kacal. A zaɓen ƙananan hukumomi kuwa fitowar ta fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. A irin wannan gari, samari ɗari uku masu kati a rumfa ɗaya, waɗanda aka tabbata za su fito, sun fi dubu goma da ake tarawa a filin gangami daraja a idon mai neman kujera.

Doka kuma tana tare da kai. Dokar Zaɓe ta ba mutum damar yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko garinsa na asali, ta kuma ba shi damar sauya rumfa idan ya canja mazauni. Idan INEC ta buɗe rajista, je ofishinta na ƙaramar hukumarka ka dawo da katinka kusa da gida. Ka yi katin mazauna jiha na hukumar LASRRA, domin shi ne shaidar zamanka a wurin gwamnatin jiha da ke Alausa. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko garin asali, sashe na 106 kuma da ya jera sharuɗɗan ɗan majalisar jiha bai ce sai ɗan asalin jihar ba. Mu ma ba jiya muka zo ba. Tun 1863 Baturen mulkin mallaka Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira ta Hausawa a garin nan, kuma cinikin goro ya zaunar da kakanninmu a Agege tun kafin a haifi iyayen waɗanda ke mulki yau. Duk da haka ga gargaɗi: kada ka taɓa sa baki cikin gardamar wa ke da Legas. Masu gari suna da sarautarsu da ƙasarsu da al'adarsu, kuma an ga yadda wannan gardama ta ɗaga jijiyoyin wuya a zaɓen gwamna na 2023. Abin da kake nema haƙƙin mazauni ne mai biyan haraji, kuma wannan ba ya buƙatar ka ƙwace wa kowa tarihinsa.

Ƙofar da ta fi kowace sauƙin shiga, wadda kuma samarinmu suka fi rainawa, ita ce ƙungiyar raya unguwa da ake kira CDA. A Legas doka ce ta kafa ta, tun 2008. Kowace unguwa tana da tata, mai rajista a ƙaramar hukuma. A samansu akwai kwamitin CDC na ƙaramar hukuma, wanda ke zama da ciyaman, sannan akwai majalisar ba da shawara a matakin jiha. A taron CDA ake yanke kuɗin tsaro, da wanda za a ɗauka gadi, da maganar taransifoma idan ta ƙone, da yashe kwata kafin damina, da layin da za a rubuta wa ciyaman a kansa. Kansila idan yana son sanin ra'ayin unguwa, shugaban CDA yake kira. Mu kuwa mun bar wa masu gidaje taron, muna cewa mu 'yan haya ne, alhali kuɗin da aka yanke a can mu ma muna biya.

Bari in ba ka labarin wani yaro mai sana'ar POS a wani layi da na sani. An sa wa layin ƙofar ƙarfe saboda ɓarayi, CDA ta ce a kulle da sha ɗaya na dare, ba a buɗewa sai gari ya waye. Rabin mazauna layin mutanenmu ne masu sammako zuwa Mile 12 tarbar motocin tumatir da albasa, da mahauta masu zuwa mayankar Oko-Oba, ga masu fita sallar asuba. Kullum sai an yi cacar baki a bakin ƙofar, wasu har haurawa suke yi, maigadin da ke riƙe da makullin ma ɗan'uwanmu ne amma ba shi da ta cewa. Dattawa sun yi ta gunaguni a majalisar mai shayi, ba wanda ya je inda aka yanke hukuncin. Yaron nan ya je. Taro ne na ranar Asabar a ƙarƙashin rumfar tamfol, masu gidaje a kujerun gaba, ana magana da Yarbanci. Ya rusuna ya gaida manya da harshensu, ya biya kuɗin wata, ya karɓi rasit, ya koma baya ya zauna. Haka ya yi ta zuwa wata da watanni bai ce uffan ba, sai dai in an tashi ya taya kwashe kujeru. Ranar da ya ɗaga hannu, takarda ce a hannunsa mai sunayen duk masu fita kafin asuba, da lambar gidan kowa, da sana'arsa, da shaidar cewa sun biya kuɗin tsaro. Ya tuna musu cikin ladabi cewa umarnin gwamnatin jiha shi ne ƙofofin layi su kasance a buɗe daga ƙarfe biyar na asuba zuwa sha biyun dare, ya kuma roƙi a bar wa maigadi takardar don ya riƙa buɗe wa masu fita kafin biyar. Wani tsoho mai gida ya ce shi bai taɓa sanin mutanen nan suna biya ba. A zaman aka amince. Da zaɓen ƙungiya ya zagayo, su da kansu suka ba shi mataimakin sakatare.

Abu biyu suka yi masa aiki, kuma duka biyun kana iya mallakarsu. Na farko harshe. Kai da ka tashi a Agege na san kana jin Yarbanci, to kada ka ɗauke shi abin wasa da abokai kawai. Matashin da zai iya tsayawa ya faɗi magana ɗaya da Hausa, ya maimaita ta da Yarbanci, ya rubuta ta da Turanci, ba a yin sulhu ko rabon wani abu a unguwa ba tare da shi ba. Na biyu alƙalami, kuma a kansa zan ɗan daɗe.

A kowace ƙungiya ana faɗa ne a kan kujerar shugaba. Sakatare kuwa sau da yawa roƙon mutane ake yi su karɓa, don aiki ne mai cin rai: rubuta abin da aka tattauna, adana rajistar mambobi, rubuta wasiƙa, yawo da ita ofis-ofis. Karɓe shi da hannu biyu. Mai riƙe da littafi shi ya san abin da aka yanke bara, shi ya san wanda ya biya da wanda bai biya ba, shi ake turawa sakatariyar ƙaramar hukuma, don haka shi ma'aikatan can suke sani da fuska. Ka koyi rubuta koke yadda ake karɓarsa: shafi ɗaya, matsala ɗaya, sunan layi, hoton wurin, abin da ake nema a fili, sa hannun shugaba da naka. Ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ka dawo da shi fayil. Bayan mako biyu ka koma da shi a hannu. Koken baki yana mutuwa ne a wurin da aka yi shi, amma takarda mai hatimi ko ciyaman ya sauka tana nan, wanda ya gaje shi ma sai ya amsa ta. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, sanin abin da ke shigo musu ya ƙara muhimmanci. Ana wallafa rabon kowane wata, kuma ƙungiyoyi irin su BudgIT, da aka kafa a nan Legas a 2011, suna sauƙaƙa alƙaluman yadda kowa zai gane. Matashin da ya shiga taro da adadi a hannu ba a ce masa yaro.

Sai kuɗi. Ranar da aka fara damƙa maka kuɗin jama'a, ko na sayen fitilar layi ne, ranar aka fara jarraba ka. Kada ka haɗa shi da na shago ko na kwana ɗaya. Ka kawo rasit, ka karanta lissafi a bainar jama'a tun kafin a tambaya, in canji ya rage ka ajiye shi a kan tebur kowa na gani. Na ga samari masu baki da ilimi da suka ƙare a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, kuma unguwa ba ta mantuwa.

Game da dattawa da ka ce sun cika wuri, a nan ina ganin akwai gyara a tunaninka. Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da shugabannin kasuwa, da limamai, su suka riƙe al'ummar nan tun lokacin da ba mu da kowa a ofis. Su ke karɓo gawa, su ke belin wanda aka kama, su ke zuwa fadar Oba ko gidan Baale, wato sarakunan Yarbawa, a kashe wuta. Wanda ya zo da niyyar ture su zai tarar jama'a sun bi su sun bar shi. Amma akwai aikin da tsarinsu bai saba da shi ba, kuma nan ne gurbinka. Tsarin dattawa yana motsi ne bayan abu ya faru, gwamnatin Legas kuwa da doka da takarda take aiki, kuma tana yanke hukunci tun kafin mu ji labari. Dubi acaɓa. Dokar hanya ta 2012 zamanin Gwamna Fashola ta hana babura bin hanyoyi 475. A Fabrairun 2020 aka hana su a wasu ƙananan hukumomi, a Yunin 2022 aka sake tsaurarawa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Dubban samarinmu ne abincinsu ya tafi. Kowane karo mun yi magana, amma bayan an riga an buga hatimi. Gwamnati tana da hujjojinta na haɗurra da fashi, kuma ba duka ne ƙarya ba. Abin da ya kamata a tarbe ta da shi tun da wuri shi ne rajistar 'yan acaɓa mai suna da lamba da mai tsaya wa kowa, da tsarin horar da su, da takarda a gaban Majalisar Dokokin jiha ranar jin ra'ayin jama'a. Majalisar tana sanar da irin wannan zama kafin ta zartar da manyan dokoki, kuma kowa na iya zuwa. Ka zama kai ne mai kai wa Sarki labari cewa ga ƙudurin da ke tafe, ga abin da zai taɓa, ga takardar da na tsara, Allah ya ja zamaninka, a duba a sa hannu. Dattijon da ka fitar kunya sau biyu a gaban hukuma, da bakinsa zai ce a tafi da kai karo na uku.

Haka abin yake a wajen rikici. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Idi-Araba a Fabrairun 2002, ko a Mile 12 a Maris 2016 lokacin da aka rasa rayuka aka rufe kasuwa, sun san cewa wutar takan tashi ne daga ƙaramar hatsaniya tsakanin mutum biyu. A sa'ar farko ake kashe ta ko ta gagara, kuma masu kashe ta su ne waɗanda ke da lambar wayar juna tun kafin ranar: shugaban samarin Yarbawa, da na Hausawa, da DPO, da shugaban 'yan tasha. Shi ya sa nake ce wa samari su shiga kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, na caji ofis ɗin unguwarsu. Ka kuma san hanyar ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka kyauta, OPD, da cibiyar sasanci ta jiha inda ake raba mai gida da ɗan haya ba tare da an je kotu ba. Mutanenmu da yawa ba su san da su ba. Ranar da ka raka mai tura baro aka sako shi ba tare da ya sayar da baronsa ba, gidansu gaba ɗaya sun zama naka.

Za ka ce ina zanga-zanga da soshiyal midiya? Suna da amfaninsu. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta sa an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga wata, kuma bayan harbin da aka yi a wurin zanga-zanga a Lekki ranar 20 ga wata, kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya saurari koke-koke, har da wakilan matasa a cikinsa. Samarinmu da yawa sun tsaya gefe a lokacin, alhali ɗan acaɓa da mai talla sun fi kowa sanin zafin tarewa a hanya. Amma lura da waɗanda suka ci gajiyar kwamitin: masu takarda, masu shaida, masu lauya, masu ƙungiyar da ta bi musu sawu wata da watanni. Titi yana buɗe ƙofa, sai dai wanda ya shirya ne ke shiga. Facebook da TikTok kuwa ka yi amfani da su wajen nuna kwalbatin da ya karye da ranar da aka gyara shi. Zagin manya a can yana kawo mabiya, yana kuma rufe maka ƙofofin da za ka buƙata nan da shekara biyar.

Yanzu jam'iyya, domin a Najeriya ba a takara sai da ita. Dokar rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ta sauko da shekarun ɗan majalisar jiha da na wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Wanda ya ɗauki nauyin ƙudurin a Majalisar Wakilai, Tony Nwulu, mazaɓar Oshodi-Isolo ta nan Legas yake wakilta, kuma Ibo ne. Dokar ta yi aiki a wasu wurare: Rukayat Shittu ta shiga majalisar Kwara a 2023 tana da shekara 26. Amma shekaru ba su ne babban shingen ba. A zaɓen 2023 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, na wakilai miliyan 10, ko da yake an yi wa matasa rangwame. Bayan fom ga hidimar daliget, ga ejan-ejan, ga fosta. Sannan a Legas sau da yawa a teburin shugabannin jam'iyya ake tsayar da ɗan takara kafin a je filin fid da gwani. A zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2025 APC ce ta lashe kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya, na ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37. Ba ina ce maka ga jam'iyyar da za ka shiga ba ne. A 2023 Labour ta ci kujerun wakilai a wurare irin su Eti-Osa da Amuwo-Odofin, don haka ba a rufe littafi ba. Ina nuna maka ne cewa duk wadda ka zaɓa, a taron gunduma ake gina mutum. Ka yanki kati, ka riƙa halartar zama, ka nemi zama ejan a rumfarka, ka tsaya har a gama ƙirga ka karɓi kwafin sakamako ka kai. Wanda rumfarsa ke kawo ƙuri'a zaɓe bayan zaɓe, shi ake tunawa ranar rabon muƙaman gunduma.

Misalin yana ƙofar gidanku. Mudashiru Obasa kansila ne a Agege a 1999, ya shiga Majalisar Dokokin jiha a 2003, ya zama kakakinta a 2015. Ko kana son siyasarsa ko ba ka so, ƙirga shekarun: goma sha shida daga kansila zuwa kakaki, duk a mazaɓa ɗaya. Ibo mazauna Legas sun kai Jude Idimogu majalisar jiha daga Oshodi-Isolo a 2015, saboda sun yi rajista a inda suke zaune kuma sun fito. A namu ɓangaren, Kabiru Ahmed Abdullahi daga al'ummar Arewa ya riƙe kwamishina a wa'adin farko na Gwamna Sanwo-Olu. Abin alfahari ne, amma ka san bambancin naɗi da zaɓe. Naɗi kyauta ce, wanda ya ba ka yana iya karɓewa gobe. Kujerar da ƙuri'un unguwa suka ba ka sai unguwa ta juya maka baya. Kuma kada wani ya ce maka ɗan Arewa bai taɓa cin zaɓe a Kudu ba: Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, kuma ta reshen matasan jam'iyyar NCNC ya taso.

Uban gida kuwa ba makawa sai da shi, kowa da nasa. Abin dubawa shi ne me yake sa ka yi. Idan yana tura ka taro ka wakilce shi, yana gabatar da kai ga mutane da sunanka, riƙe shi. Idan aikinka a wurinsa shi ne cika bas da samari ranar gangami a raba musu dubu bibbiyu, to kai dillalin taro ne, kuma za ka tsufa a haka. Idan kuwa ya taɓa ce maka ka nemo yara masu ƙarfi saboda ranar zaɓe, tashi ka bar wurin a daren. Ranar da aka yi kame, sunan Bahaushe ne zai fito a jarida, kuma kasuwarmu ce za a rufe.

Kada ka bar ƙannenka mata a baya. Kwamitin lafiya na gunduma da ke kula da ƙaramin asibiti, da kwamitin makarantar firamaren gwamnati, wurare ne da ake neman mai jin Hausa ido rufe, saboda rigakafi da awon ciki da sa yara makaranta. Malamar Islamiyya da matan layi suka yarda da ita tana iya fito da masu kati fiye da samari goma, kuma ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta matan Musulmi sun daɗe suna horar da mata a wannan fanni.

Abu biyu na ga suna kayar da samari bayan sun fara hawa. Ɗaya sakin sana'a. Shagon nan naka shi ne 'yancinka. Ranar da cefanen gidanka ya koma aljihun ɗan siyasa, ba ka sake iya ce masa a'a, kuma jama'a suna ganewa tun kafin kai ka gane. Ɗayan kuma rabuwa a kan kujera. Ƙungiyar matasan Legas da su Ernest Ikoli, H.O. Davies da Samuel Akinsanya suka kafa a 1934, wadda ta koma ta matasan Najeriya baki ɗaya, ta ƙwace kujerun Legas uku na majalisar dokokin zamanin Turawa daga jam'iyyar Herbert Macaulay a 1938, shekara huɗu kawai da kafuwa. A 1941 ta dare biyu a kan wa za a tsayar tsakanin Ikoli da Akinsanya, ba ta sake komawa yadda take ba. Mu ma ciwonmu ke nan. Ƙungiya ɗaya ta samarin Arewa a unguwa, da an zo zaɓen shugaba sai ta haifi ta Kanawa, da ta Katsinawa, da ta Zabarmawa, da ta 'yan Borno, kowacce da hatiminta, ciyaman kuma ya rasa da wa zai yi magana, ko ya zaɓi wadda ta fi arha. Maganinsa a rubuta tsarin mulkin ƙungiya tun ana shiri: wa'adi nawa, shekara nawa ne iyakar shugaban matasa, wa ke sa hannu a asusu, yaya ake zaɓe. In ka sha kaye ka tsaya ka yi wa wanda ya ci aiki, domin masu kallo suna auna ka a ranar fiye da ranar da ka ci.

Wa'adin ciyamomi da kansilolin Legas shekara huɗu ne, don haka waɗanda aka zaɓa a 2025 za su kai 2029, kuma hukumar zaɓen jiha, LASIEC, da rajistar INEC take aiki. Idan kana son a ambaci sunanka a gundumarku a lokacin, ko a matsayin ɗan takara ko cikin waɗanda ake shawara da su kafin a tsayar, to katinka da na abokanka su dawo Agege a rajista mai zuwa, sunanka ya shiga littafin CDA a wannan watan, kuma ka tambayi mai gidanku ranar da suke zama da wurin da ake biyan kuɗin wata.